Yadda Ake Auna Haɗarin Yankewar Jan Ƙarfe da Asarar Kuɗi Kafin a Sa Hannu a Kwangila

Tambayar nan ta yawaita daga dillalan wayar lantarki, da 'yan kwangilar wayarin, da masu ɗaurin kwayil na injuna da taransifoma, da masu haɗa sola: mutum ya yanke wa abokin ciniki farashi yau, kafin kaya su iso jan ƙarfe ya tashi, riba ta narke, wani lokaci har ta taɓa uwar kuɗi. Ta yaya ake hango wannan tun kafin a sa hannu?

Babu wanda zai iya faɗa maka farashin jan ƙarfe na wata uku masu zuwa, duk wanda ya ce zai iya kuwa, ka riƙe aljihunka. Abin da ke aunuwa shi ne kilo nawa ka ɗauki alkawarinsu alhali ba ka saye su ba, kwana nawa ne tsakanin ranar da ka yanke farashin sayarwa da ranar da za a yanke maka na saye, kuma da wane kuɗi za ka biya. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan ukun suke.

Kayan aikin ba su da yawa: takardun odar da ka karɓa da wadda ka bayar, takardun kayan da suka iso maka a shekara biyu da suka wuce, Excel ko littafin lissafi, farashin kasuwar ƙarafa ta Landan wato LME, canjin dala na ranar, sikeli mai auna giram, da mita mai iya auna ƙaramar tirjiya, wato turjewar waya ga wucewar lantarki, wadda ake aunawa da om. Zaman farko zai ci maka kwana biyu. Bayan nan awa ɗaya a mako ta isa.

Mataki na 1: Mayar da komai kilo

Kasuwar duniya ba ta san rol ko mita ba, tan ta sani. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kaurin waya a murabba'in milimita sau 8.9, shi ne kilon jan ƙarfen da ke cikin kilomita ɗaya. Waya mai 2.5 tana da kusan kilo 22 a kilomita, wato kilo 2.2 a rol mai mita 100. Kebul mai jijiya huɗu na 16 kuwa, 64 sau 8.9, kusan kilo 570 ke nan.

Ka ja layi biyu. Na farko, kilon da ka yi alkawarin bayarwa a tsayayyen farashi. Na biyu, kilon da ke cikin sitonka da wanda aka riga aka yanke maka farashinsa ko da bai iso ba. Ka cire na biyu daga na farko. Idan saura ya rage, tashin farashi ne zai cuce ka. Idan na biyu ya fi yawa, faɗuwar farashi ce abin tsoronka.

Gargaɗi: kayan da ka ba da odarsu amma ba a yanke farashinsu ba, ba sa shiga layi na biyu. Nan ne mutane da yawa ke ruɗar kansu, su ɗauka sun rufe rami alhali yana nan buɗe.

Mataki na 2: Bi sawun kayan baya

Kafin jan ƙarfe ya zama waya yana bi ta hannu biyar. Ana haƙo dutsen, wanda a yawancin ma'adinan Chile jan ƙarfen cikinsa bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. A niƙa shi a tace ya zama gari mai kashi 20 zuwa 30. A kai matata a narka, a fitar da falanki tsantsa mai kashi 99.99, wanda ake kira katod. Daga katod a yi sandar waya mai kaurin milimita 8, ita kuma masana'antar kebul ta ja ta zuwa kaurin da ake so. A Kongo akwai gajeriyar hanya: ana jiƙa dutsen da ruwan asid a fitar da katod a wurin, shi ya sa ƙarancin asid kaɗai kan rage abin da suke fitarwa.

Ka tambayi mai sayar maka, a rubuce: daga ina sandar wayarsa take zuwa, daga wace ƙasa katod ɗin, ta wace tashar jirgi, kuma na kwana nawa yake ajiyewa. Ba lallai ka kai har bakin rami ba. Hannu biyu a bayan mai sayar maka sun isa su nuna maka inda igiyar ta fi siriri.

Gargaɗi: dillalai uku ba hanya uku ba ne. Idan dukansu a masana'anta ɗaya suke sari, ko masana'antunsu daga wuri ɗaya suke shigo da sanda, hanya ɗaya gare ka.

Mataki na 3: Jera abubuwan da ke tsayar da kaya

Duniya na haƙo tan miliyan 22 zuwa 23 a shekara. Chile kaɗai na ba da fiye da miliyan 5, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da Peru na biye da ita. Wajen tacewa kuwa Sin ce uwa, tana tace kusan rabin na duniya, tana kuma cinye fiye da rabi. Buɗe sabon rami kan ɗauki fiye da shekara goma, saboda haka idan babban rami ya tsaya, babu wanda zai cike gurbinsa a wannan shekarar. Ga abubuwan da suka saba tsayar da su.

Yajin aiki. Escondida a hamadar Atacama ta Chile, ramin da ya fi kowanne girma, yana ba da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara. A 2017 ma'aikatansa sun yi yajin kwana 44. A Agustan 2024 sun sake yi, na 'yan kwanaki. Wannan haɗarin yana da kalanda, domin yarjejeniyar ma'aikata a Chile ba ta wuce shekara uku. Ka rubuta watan da ta manyan ramuka za ta ƙare.

Rikici da mutanen gari. Ramin Las Bambas a Peru na kai garinsa tashar Matarani ta doguwar hanyar mota da ke ratsa ƙauyuka, kuma mazauna ƙauyukan sun sha tare hanyar saboda ƙura da maganar fili. A 2022 aiki ya tsaya cak na kusan kwana 50.

Hukuncin kotu da na gwamnati. A Nuwamban 2023, bayan makonni ana zanga-zanga, kotun ƙolin Panama ta ce yarjejeniyar ramin Cobre Panamá ta saɓa wa tsarin mulki. Ramin ya ba da kusan tan 350,000 a 2022, wajen kashi 1.5 na duniya, kuma aka rufe shi.

Hatsari a ƙarƙashin ƙasa. Shekarar 2025 ta nuna yadda wannan ke zuwa a jere: a watan Mayu girgizar ƙasa ta jawo ambaliya a Kamoa-Kakula na Kongo, a ƙarshen Yuli rami ya rufta a El Teniente na Chile ya kashe mutum shida, a Satumba taɓo ya kwararo cikin Grasberg na Indonesiya ya kashe bakwai, har kamfanin Freeport mai gudanar da ramin ya sanar cewa abin ya fi ƙarfinsa, ba zai iya cika alkawuran kaya ba.

Wuta da hanya. Farin 2024 ya rage ruwan madatsar Kariba, Zambiya ta shiga ƙarancin lantarki mai tsanani, ma'adinai suka koma sayen wuta mai tsada daga waje. Jan ƙarfen Kongo kuwa a tirela yake fita, mafi yawansa ta kan iyakar Kasumbalesa inda layin motoci kan kai kilomitoci, sannan ya yi tafiyar kusan kilomita 3,000 zuwa Durban, ko ya nufi Darussalam. Layin dogon Lobito ta Angola ya fara rage wannan wahalar, amma bai ɗauke ta ba tukuna.

A gaban kowane ɗaya ka rubuta abu biyu kawai: ya shafi hanyar kayana kai tsaye, ko ta farashi zai same ni? Ga mai sayen tan 5 ko 20, kusan kullum amsar ita ce ta farashi. Rufe rami a Panama ba ya hana kebul zuwa Legas. Abin da ke hana shi zuwa ya fi kusa da gida: rashin dala a banki, jinkirin takardun shigo da kaya, cunkoso a Apapa. Don haka ka ɗauko takardun kayanka na baya, ka ƙirga kwanakin da kowace oda ta yi daga biya zuwa sito, ka ɗauki mafi tsawo a matsayin ma'auninka. Matsakaici ba ya amfani a nan, domin ba a ranar matsakaici ake yin asara ba.

Mataki na 4: Duba alamomin kasuwa huɗu kowane mako

Na ɗaya, ladan tacewa. Shi ne abin da mai rami ke biyan matata a kan kowane tan na gari. Idan gari ya yi ƙaranci, matatu na rububinsa, ladan ya faɗi. Na yarjejeniyar shekara ya sauko daga dala 80 a 2024 zuwa dala 21.25 a 2025, na cinikin nan-take ma ya koma ƙasa da sifili, wato matata ce ke ƙara wa mai gari kuɗi. Wannan alamar ita ce ke riga sauran fitowa. An rufe ramin Panama a Nuwamba, ladan tacewa ya rushe a farkon 2024, farashin LME kuwa sai a ranar 20 ga Mayu ya haura dala 11,100 a tan, abin da bai taɓa yi ba kafin lokacin. Wata shida ke nan na shiri ga wanda yake kallo.

Na biyu, kayan da ke sito-siton LME, musamman waɗanda ba a riga an yi odar fitar da su ba. Na uku, tazara tsakanin farashin yau da na wata uku, wato na kayan da za a bayar bayan wata uku. A al'ada na wata uku ya ɗan fi tsada saboda kuɗin ajiya. Idan na yau ya fi, mutane na neman kaya ido rufe. A Oktoban 2021 kayan da suka rage a siton LME sun sauko zuwa wajen tan 14,000, tazarar kuma ta wuce dala 1,000. Na huɗu, ɗorin da 'yan kasuwar Sin ke biya a tashar Yangshan a kan farashin LME: idan yana hawa suna saye, idan yana sauka sun ja baya.

Alama ɗaya ba ta isa a motsa ba. Idan uku suka nuna gefe ɗaya, ka gajarta kwanakin da farashinka ke aiki.

Gargaɗi: kada ka yi lissafi da farashin COMEX, kasuwar ƙarafa ta Amurka. Da fam ake auna shi, kuma fam 2,204.6 ne tan ɗaya, amma ba wannan ce babbar matsalar ba. A 2025 jita-jitar harajin shigo da kaya ta sa ya zarce na Landan nesa ba kusa ba. Ranar 30 ga Yuli da aka bayyana cewa harajin kashi 50 bai shafi katod ba, sai ya faɗi da kusan kashi 20 a yini ɗaya, na Landan kuwa ɗan motsi kawai ya yi. Wasu shafukan intanet farashin COMEX suke nunawa. Ka duba da kyau.

Mataki na 5: Farfasa farashin da ake ba ka

Farashin kebul kashi shida ne: farashin LME, ɗorin katod, ladan jan waya da roba, jigila da inshora, haraji da kuɗin fito, sai canji. Ka nemi mai sayar maka ya raba maka su. Wanda ya ƙi, to duk ranar da LME ya sauka ba za ka iya neman ragi ba, amma ranar da ya hau zai zo maka da ƙari.

Ka kuma tambayi ranar yanke farashi. Wasu na amfani da ranar oda, wasu ranar lodi, wasu matsakaicin farashin watan da ke bin watan lodi. Na ƙarshen nan yana nufin kaya na kan ruwa ba ka san kuɗinsu ba.

Maganar canji ta bambanta da wuri. A Najeriya dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma a wannan tsakanin canji ya fi LME illa ga mai shigo da kaya. A Nijar, Kamaru da Chadi sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka motsin yuro da dala ne abin dubawa, kuma shi bai kai wancan zafi ba.

Mataki na 6: Gwada mummunan yanayi da alƙalami

Ga misali, alƙaluman na koyarwa ne, ka sa naka. Ka ɗauki alkawarin aikin da zai ci tan 20, ba ka saya ba. LME dala 10,000, ɗori da ladan aiki dala 700, canji naira 1,500. Kuɗin kaya dala 214,000, wato naira miliyan 321.

Jan ƙarfe ya tashi da kashi 15: dala 244,000, naira miliyan 366. Ƙarin miliyan 45.
Dala ta koma 1,800, jan ƙarfe bai motsa ba: miliyan 385.2. Ƙarin miliyan 64.2.
Su biyun tare: miliyan 439.2. Ƙarin miliyan 118.2, kusan kashi 37.

Ka lura cewa 45 da 64.2 sun ba da 109.2 ne, ba 118.2 ba. Miliyan 9 ɗin da ke tsakani sun fito ne saboda tashin biyun ninka juna suke yi. Mai tara su kawai yana raina asararsa.

Sai jinkiri. Idan kuɗin na banki ne a kan kashi 30 a shekara, ƙarin kwana 30 zai ci kusan naira miliyan 7.9, ban da kuɗin kwanan kwantena a tasha da tarar da ke cikin kwangilarka.

Yanzu ka juya lissafin: kana da tan 20 a sito, farashi ya faɗi da kashi 20. Ba tatsuniya ba ce, a Maris na 2020 ya sauka ƙasa da dala 5,000, a 2022 kuma ya faɗo daga sama da 10,000 a Maris zuwa wajen 7,000 a Yuli. Abokan gasarka za su sayo sabo mai araha, kai kana riƙe da tsoho mai tsada.

Ka gwada mafi munin sakamakon da ribar da ka sa a kwangilar, sannan da jarinka. Idan ya cinye riba kaɗai, ana iya shiga da gyara. Idan ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na jari, a ganina ba a sa hannu sai an sauya sharuɗɗa.

Mataki na 7: Auna mai sayarwa, ka auna kayan

Tsadar jan ƙarfe na jawo 'yan damfara, kuma manya ma ba su tsira ba. A 2014 a tashar Qingdao ta Sin an gano ana jinginar da kaya ɗaya ga bankuna da dama da takardun sito na bogi. A 2020 kamfanin Mercuria ya biya dala miliyan 36 na jan ƙarfe daga Turkiyya, da aka buɗe kwantenoni sai duwatsun daɓe da aka shafa wa fenti. A 2023 matatar Aurubis ta Jamus ta gano giɓin kusan yuro miliyan 185, akasari ta hanyar maguɗin samfurin tsofaffin ƙarafan da take saye.

Saboda haka: kada a biya duka kafin lodi ga wanda ba a taɓa ciniki da shi ba, a bi ta takardar lamunin banki. Mai duba kaya kai za ka ɗauko shi, ya tsaya a wurin lodi har a rufe kwantena, ya rubuta lambar hatimi, a gwada ta da wadda ta iso. Duk wanda ya zo maka da katod a ƙasa da farashin LME da kashi 15 ko 20, ka rufe maganar. Kayan da ake saye hannu bibbiyu a Landan ba shi da dalilin neman ka da ragi.

A kasuwar gida damfarar ta fi yawa a waya mai cikin alminiyam da aka lulluɓe da jan ƙarfe, da waya mai ragaggen kauri. Gwajin ba wuya. Ka yanki mita ɗaya ta 2.5, ka feɗe robar, ka ɗora a sikeli: ya kamata ka ga wajen giram 21 zuwa 22. Mai alminiyam ba ta kai rabin haka. Ka kankare jikinta da wuƙa, in fari ya bayyana magana ta ƙare. Tirjiyar rol mai mita 100 kada ta wuce om 0.74 a yanayi mai sanyi-sanyi, ta jabu kan haura om 1. Ka auna tsayin ma, domin wani rol yadi 100 ne, wato kusan mita 91. Tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, a jikin leda yana da kyau, amma ana buga na jabu, sikeli kuwa ba a buga shi.

Mataki na 8: Toshe ramukan, daga mai araha zuwa mai tsada

Fara da takarda, ita ce ba ta cin ko kwabo. Farashin da ka bayar ya yi aiki na kwana 7, ba 30 ba. A kwangila mai tsawo ka sa sharaɗin cewa kason jan ƙarfe zai bi LME da canjin ranar saye idan motsin ya wuce kashi 5, sama ko ƙasa. Abokin ciniki ya fi saurin yarda idan ya ga shi ma zai ci ragi.

Na biyu, haɗa ranaku. Ranar da aka ba ka kuɗin somin aiki, ranar za ka yanke farashin saye na daidai kilon. Wanda ya karɓi kuɗin kebul ya zuba a wani aikin da niyyar saye daga baya, caca ya shiga ko bai sani ba.

Na uku, ajiya. Ka riƙe abin da zai kai ka tsawon jinkiri mafi muni da ka ƙirga a mataki na 3, kada ka wuce. Ka kuma buɗe ciniki da mai sayarwa na biyu tun yanzu, ko da kashi 10 ne na odarka, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Inda injiniya ya amince, manyan layuka na iya komawa alminiyam, amma sai an ƙara kauri da kusan kashi 60 an kuma sa kawunan haɗi na musamman, in ba haka ba mahaɗar za ta yi zafi.

Na ƙarshe shi ne kulle farashi a kasuwar gaba, inda ake yanke farashi yau a kan kayan da za a bayar nan gaba, kuma bai dace da kowa ba. Kwangila ɗaya a LME tan 25 ce. Idan farashi ya juya maka baya da dala 1,000, dillali zai nemi ka cika dala 25,000 nan take, a dala, tun kafin ribar kayanka ta zahiri ta shigo hannu. Wanda ba shi da wannan kuɗin a ajiye za a rufe masa ciniki a kan asara. Ga kuma maganar shari'a: malamai da yawa ba su halatta irin wannan cinikin ba, tunda ba kuɗi a hannu ba kaya a hannu. Mai son kauce masa yana da salam, inda ake biyan kuɗi duka yau a kan kaya masu sanannen siffa, awo da ranar bayarwa, ko murabaha ta bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da sananniyar riba. Sai dai salam na ɗauke haɗarin farashi ne ya ɗora maka na mai sayarwa, don haka sai ka koma mataki na 7 ka sake auna shi kafin ka miƙa kuɗi.

Mataki na 9: Sa ranar sake dubawa

Kowace Litinin ka sabunta layuka biyun mataki na 1 da alamomin mataki na 4. Lissafin mataki na 6 kuwa a sake shi duk wata, da kuma duk ranar da ɗayan waɗannan ya faru: LME ya motsa da kashi 5 cikin mako, canji ya motsa da kashi 3, wani babban rami ya sanar da tsayawa, ko mai sayar maka ya nemi sauya ranar kawo kaya ko hanyar biya.